Agogon kwamfuta: wa ke da ikon juya shi, mai aiki ko mai makulli?

Duk wanda ya tashi da akwatin rediyo a gefen kunnensa ya san maganar nan da gidajen rediyon ƙetare kan yi: ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Nijar da Najeriya. Mu da muke aikin gabatar da shirye-shirye mun faɗe ta ba adadi, amma gaskiyar magana ita ce, a nan Tanda da Gaya ba ta taɓa hana kowa barci ba. Dalili kuwa, Allah ya ajiye mu a inda ƙasashe uku suka haɗa kai, kuma dukansu agogonsu ɗaya ne. In Hajiya ta shiga kwale-kwale ta haye zuwa Malanville, ko Alhaji ya bi hanyar Kamba, kakin ma'aikata zai canza, harshen takarda zai iya canzawa, sefa ma ta koma naira, amma ƙarfe goma tana nan ƙarfe goma. Ko wayar salula ta kama layin Benin ko na Najeriya, kamar yadda takan yi a bakin iyaka, agogonta ba ya motsawa. Nijar da Benin da Najeriya, har da Chadi da Kamaru da Aljeriya, duk suna gaba da agogon GMT da awa guda.

To, me ya kawo maganar yau? Idan dai masu karatu ba su manta ba, bayan juyin mulkin ranar 26 ga watan Yuli na 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasarmu takunkumi, aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville. Ƙungiyar ta janye takunkumin a watan Fabrairu na 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe a watan Maris na wannan shekara, amma hukumomin Yamai suka ci gaba da rufe ɓangarenmu na gadar a 2024 da 2025. Kayan da a da kan sauka a tashar jiragen ruwan Kwatano, da yawansu suka koma sauka a Lome, su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji. An yi ta magana a kan tsadar hanya da daɗewar kaya, kuma maganar ta cancanta. Abin da ba a cika ambatawa ba shi ne, sabuwar hanyar ta fitar da ɗan kasuwarmu daga agogon da ya saba. Togo da Burkina da Ghana da Mali da Kodebuwa duk a kan GMT suke. Sa'ad da ofis ya buɗe ƙarfe takwas a Lome, a nan ƙarfe tara ta yi. Ko cikin ƙawancen AES da aka kafa a watan Satumba na 2023, Bamako da Wagadugu suna bayan Yamai da awa guda. Mai sarin kaya a Dubai kuma ya san can suna gabanmu da awa 3, Makka da Istanbul da awa 2, Guangzhou ta ƙasar Sin da awa 7. Yaran Alhazai da ke bin kaya yanzu da kwamfutar hannu suke tafiya, a cikinta ake cike takardun duwan, a aika wasiƙa, a duba inda kwantena ta kwana.

Bari mu fara da abin da ya same mu, tun da dai an ce gani ya kori ji. A gidan rediyon da muke aiki akwai wata kwamfuta ƴar Kwatano, wadda ake jera wa shirye-shiryen da aka riga aka naɗa, ita kuma ta riƙa sakin su a kan lokaci. Watanni tana aiki lami lafiya. Ranar Lahadi 31 ga watan Maris na 2024, cikin watan azumi, mai gadin na'ura na dare ya lura cewa agogon bango na cewa ƙarfe uku, ita kuwa tana cewa ƙarfe huɗu, har ta fara shirin sakin muryar tashin sahur. Muka taru a kanta da safe. Wani ƙaninmu da ya ɗan san kan abin ya gano ciwon nan take: wanda ya harhaɗa mana ita ya bar ta a kan agogon Paris. Maganin bai wuce danna wuri biyu ba. Amma da aka danna, sai ta ce a kawo lambar sirrin mai makulli, domin mutumin ya kulle komai da komai kafin ya tafi, shi kuma yana Yamai, wayarsa a rufe. Kwana uku muna sakin shirye-shirye da hannu, ido a kan bango. Da ba a lura ba, da sanarwar shan ruwa ta fita rana na sama. Mun sani mutanenmu da ladan da faɗuwar rana suke aiki, ba da mu ba, amma da wane ido za mu kalli masu saurare washegari?

Abin da ya faru ba aljannu ba ne. Ƙasashen Tarayyar Turai suna tura agogonsu gaba da awa guda a Lahadin ƙarshe ta watan Maris, su dawo da shi a Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, agogon Faransa da Beljiyam da Jamus daidai yake da namu, minti bisa minti. Saboda haka in ka sayi kwamfutar da ta fito can a watan Disamba, za ka ga agogonta lafiya lau, mai sayarwa ma bai yaudare ka ba, shi ma haka ya gani. Sai Maris ya zo ƙarshe ta yi tsalle. Wadda ta fito Ingila kuwa akasin haka take yi: tana daidai da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, daga nan ta koma baya da awa guda. Ta Amurka ba ta ɓoye kanta, tun ranar farko za ka ga tazarar. Abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne, a jerin da Windows ke nunawa akwai layuka da dama masu alamar awa guda gaba da GMT, kuma na Paris da Madrid yana kusa da namu na yammacin tsakiyar Afirka. Mai gyara da ya yi karatu da Faransanci, idonsa kan faɗa kan Paris, ya danna, ya karɓi kuɗinsa. Majalisar Turai ta kaɗa ƙuri'a a watan Maris na 2019 cewa a daina wannan juye-juye daga 2021, amma 2021 ta zo ta wuce ba a daina ba.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu bambance abu biyu da mutane ke haɗawa, domin duk gardamar a kansu take. Akwai lokacin kansa, akwai kuma sunan da kowace ƙasa ke kiransa da shi. Uwayenmu na kasuwa sun fi kowa sanin wannan. In kika ce jikka guda, wata ta ce dala ɗari biyu, ɗan lakwal ya ce sefa dubu, takardar kuɗin da ke hannunki ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba. Haka kwamfuta take. A cikin cikinta da agogon duniya guda take lissafi, wanda ya yi daidai da GMT, sannan ta duba shiyyar da aka ce mata tana ciki, ta ƙara awa ko ta rage, ta nuna maka a fuska. Canza shiyyar agogo canza suna ne kawai. Amma kama hannun agogon a juya shi, a ce mata yanzu ƙarfe tara ne alhali ƙarfe goma ce, wannan kamar a bubbuge gindin tiya ne: ma'aunin kansa aka taɓa.

Masu ƙera na'urorin ma sun daɗe kafin su raba biyun. A zamanin Windows XP, wadda ta fito a 2001 kuma ta cika gidajen intanet na garuruwanmu, izini guda ne ya haɗa su, kuma ƙaramin ma'aikaci ba shi da shi. In kamfani ya tura shi wata ƙasa, ko dai ya haƙura da agogon gida, ko a ba shi iko mai faɗi a kan na'urar. Da Windows Vista ta fito ga jama'a a watan Janairu na 2007, kamfanin Microsoft ya raba izinin gida biyu: kowa na iya canza shiyya, amma juya lokacin kansa sai mai makulli. Haka abin ya ci gaba a waɗanda suka biyo baya, sai fa in mai kula da na'urorin ofis ya bi ya janye wannan izini da gangan, kamar yadda aka yi mana.

A ɓangaren Linux, tsarin nan na kyauta, labarin ya ɗan bambanta. A yawancin ire-irensa, shiyyar agogo ta na'urar ce gaba ɗaya, kuma canza ta na neman izinin mai makulli, sai in an rubuta wata ƙa'ida ta musamman da ta sassauta. Wannan ya taɓa fusata Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finland da ya fara rubuta Linux a 1991. A watan Fabrairu na 2012 ya fito fili ya caccaki masu tsarin openSUSE, saboda na'urar na neman lambar sirrin mai makulli kafin a canza shiyyar agogo ko a shiga layin intanet marar waya, har ƴarsa ta kira shi daga makaranta don ta kasa haɗa na'urar buga takarda. Kalaman da ya yi amfani da su ba na shafin jarida ba ne, amma ƙorafinsa da namu ɗaya ne. In mai abu da kansa ya ji ciwon makulli, ina ga sakatariyar da ke Doso?

Wani zai ce ina ruwan mai sayar da albasa da Linux. Ruwanta na zuwa. Ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen kulawar yau da kullum da take ba Windows 10, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Kowa ya san inda kayan da Turai ta gaji da su ke ƙarewa. Wasu za su iso da tsohon tsarinsu, wasu masu gyara su zuba musu Linux don su ƙara kwana. A kan irin waɗannan ne za a buga miki takardar shaidar biyan kuɗi, a cike wa ɗanki takardar jarrabawa, a rubuta lissafin asusun ƙungiyar mata.

Masu goyon bayan kullewa suna da hujja, kuma bai kamata mu yi kamar ba mu ji ta ba. Sun ce ba kowace manhaja ce ke lissafi da agogon duniya ba. Akwai ƙananan manhajojin shago da ke ɗaukar abin da fuskar na'ura ta nuna su buga a kan takarda. In haka ne, yaron shago marar tsoron Allah zai iya mai da shiyya ta Amurka da sassafe, cinikin yau ya faɗa cikin lissafin jiya, sannan ya dawo da ita kafin maigida ya iso. Sun kuma ce kwamfutar da mutum biyar ke aiki a kanta, in ɗaya ya canza, ya canza wa kowa ke nan. Duk wannan gaskiya ne. Na'urar da ke kan kantar aika kuɗi, ko ta ofishin duwan da ke aiki da tsarin SYDONIA, ko ta gidan rediyo irin tamu, ba ta tafiya ko'ina. An haife ta a agogon Nijar, a nan za ta tsufa. Irin wannan a saita ta daidai, a kulle, ba mu da ja.

Inda muka rabu da su shi ne a kan kwamfutar hannu, da kuma a kan abin da kullewar ke haifarwa a zahiri, ba a takarda ba. Yaron da aka tura Lome da na'urar da ba zai iya canza wa shiyya ba, abu biyu ne ke gabansa. Ko ya riƙa cire awa guda a ka duk lokacin da ya dubi fuska, har ranar da gajiya za ta sa ya manta, ya rubuta wa wakilin jirgi lokacin da ba shi ba. Ko kuma ya buga waya gida ya ce a ba shi lambar sirrin, a kuma ba shi, domin kaya na jira. Daga ranar nan yana da ikon zuba kowace irin manhaja, ya goge abin da ya ga dama, ya buɗe abin da ba a so ya gani, duk a dalilin awa guda. Mun sha shiga ofisoshi muka ga lambar mai makulli rubuce a ƴar takarda, manne a gefen allo. Wanda ya kulle akurkin kaji da makullin rumbu, kullum makullin rumbu na hannun yara.

Akwai kuma ɓarnar da ta fi wannan yawa, wadda ake yi da kyakkyawar niyya. Mutum ya samu makullin, bai san zancen shiyya ba, ya ga agogo ya yi gaba da awa guda, sai ya kama hannunsa ya dawo da shi. A fuska komai ya yi daidai. A ciki kuwa na'urar ta ɗauka cewa duniya duka ta koma baya da awa guda. In tana daidaita kanta da intanet, da ta samu layi za ta mai da abinta yadda yake, mai ita ya ce ta lalace, ya sake kai ta wurin gyara ya biya. In ba ta daidaitawa, wasiƙun da ta aika su riƙa ɗauke da lokacin ƙarya, ranar da gardama ta tashi a kan wa ya riga wa aikawa, shaidarka ta zama abin tuhuma. A manyan ofisoshi masu na'urori haɗe da juna, tazarar da ta wuce minti 5 kan isa a hana ma'aikaci shiga. Lambobin sirrin nan da wasu manhajojin waya ke fitarwa, masu canzawa duk daƙiƙa 30, su ma da lokacin ciki suke aiki, in ya karkace sai a yi ta ƙin karɓar su. Masu WhatsApp kuma da yawa sun taɓa ganin ta ƙi buɗewa tana cewa a gyara kwanan wata. Ita waya dai ta fi sauƙi, domin mai ita ne mai makullinta, kuma yawanci daga layin kamfani take ɗaukar lokaci. Sai dai ƴan'uwanmu na bakin iyakar Burkina su kula, can in waya ta kama layin maƙwabta tana iya komawa baya da awa guda ba sallama.

Kada kuma a ɗauka agogon hukuma shi ne na rana. Tun taron Washington na 1884 aka ɗauki layin Greenwich a matsayin mafari, layin da ya ratsa ta Gao a Mali da Tema a Ghana, kuma kowane mataki 15 na faɗin duniya awa guda ne, wato minti 4 ga kowane mataki. Gaya na wajen mataki uku da rabi gabas da wannan layi, Difa kuwa ta haura goma sha biyu. Shi ya sa rana ke riga faɗuwa a Difa da fiye da rabin awa, alhali agogonmu ɗaya. In da rana za a bi, mu nan mun fi kusa da agogon Lome bisa ga wanda muke kai. Hukuma ce ta zaɓa, kamar yadda Turawan mulki suka ɗora Najeriya a kan wannan awa a 1919, kamar yadda ƙasar Sin duk faɗinta take bin agogon Beijing, kamar kuma yadda Masar ta dawo da juyin agogon bazara a 2023. Wannan ne ya sa manhajar lokutan salla ke buƙatar abu biyu, garin da kake da shiyyar agogonka. In ɗaya ya kuskure, sai ta kira maka la'asar a inda ba nan ba. A babban jadawalin da wayoyi da Linux ke dogara da shi, wanda hukumar IANA ke riƙe da shi tun 2011, sunan Yamai da na Porto-Novo duk suna komawa ne ga layin Legas, saboda agogon ukun bai saɓa ba shekara da shekaru. Don haka in ka ga wayarka ta rubuta Lagos, kada ka ce an sayar da kai ga Najeriya, daidai take.

Ra'ayinmu ke nan: shiyyar agogo a bar wa mai aiki da na'urar, musamman wadda ke tafiya, lokacin kansa kuma a bar wa intanet ya daidaita, a kulle hannu daga gare shi. Wanda ke tsoron yaron shago, maganinsa manhajar da ke rubuta lokaci daga babbar na'urar kamfani, da littafin da ke nuna wa ya canza me, ba hana kowa komai ba. Ga Alhajin da zai sayi kwamfuta kuwa, kafin ka miƙa kuɗi ka ce mai sayarwa ya buɗe maka wurin shiyya ka gani da idonka. In ka ga Paris ko Bruxelles ko London, a canza a gabanka zuwa Niamey ko Lagos ko yammacin tsakiyar Afirka. Ka kuma tambaye shi lambar mai makulli, domin na'urar taka ce; wasu masu gyara kan riƙe ta ne don a riƙa nemansu, kuma wannan ba amana ba ce.

Namu mutumin ya kira a rana ta huɗu, ya ba da haƙuri, ya karanto lambar ta waya. Gyaran bai kai minti guda ba. Yanzu lambar na cikin ambulan a aljihun teburin darakta, mu kuma duk Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, mai aikin dare kan ɗaga kai ya dubi bango kafin ya saki shirin asuba.